Yatsu Huɗun da Baba Ya Ƙara

Babana kafinta ne, shekara arba'in yana fama da zarto da guduma, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Da wannan yake tinƙaho, mu kuwa shi ne ciwon kanmu, domin a wurin Baba "gyara kayanka" daidai yake da "sauke mu raba".

'Yata, wadda yake tsokana da suna Uwargida, ta shekara biyu ba ta iya zama. In ka zaunar da ita sai ta zube gefe kamar buhun da ba a cika ba. A cibiyar yara masu nakasa, malamar da ke motsa mata jiki duk Talata ta auna ta, ta rubuta a takarda. Ta ce a yi mata kujera mai riƙe ƙugu da haƙarƙari, in ba haka ba bayanta zai karkace.

Baba ya duba takardar ya yi tsaki. "Wannan ai akwatin takalmi ne. Yaro girma yake yi." Ya ƙara yatsu huɗu a kowane gefe, yadda ya saba yi wa gadon yara. Ya goge, ya shafa fenti. Na ga ƙarin na yi shiru, don ina jin nauyinsa, kuma kujerar ta yi kyau.

Wata biyar Uwargida tana zama a ciki, ta karkata hagu.

Ranar da malamar ta ce a kawo kujerar, Baba da kansa ya ɗauko ta. Malamar ta tuɓe wa yarinyar riga, ta bi ƙashin bayanta da yatsa. Yatsan bai tafi a miƙe ba. Ta zaunar da ita a kujerar, ta zura hannu tsakanin ƙugun yarinyar da katako, ya shige har wuyan hannu.

"Baba, wa ya canza awon?"

"Don ta daɗe tana mora ne, 'yar nan."

"Kujerar kam za ta daɗe. Bayan ne ban sani ba ko zai miƙe."

Na ji haushinsa, amma na fi jin haushin kaina.

Muka koma gida. Ya ɗora kujerar a teburin aiki, ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya laluba aljihu, ya miƙo mini takardar malamar, duk ta yamutse.

"Karanta mini abin da ta rubuta," ya ce. "Ki tsaya a kaina. In kin ga zan ƙara, ki riƙe mini hannu."