Ramar Yantala

Cikin duk shekarun da na yi a sarwis ɗin noma, ranar da ba ta fita raina ba ita ce ranar da shef ɗinmu, wato shugabanmu, Mushe Amadu (“Mushe” kamar “Malam” ne a Faransanci), ya tsaya a tsakiyar gonar gwaji ta unguwar Yantala a Yamai, ya kama karan rama guda, ya tambaye ni wa ya tsinke mata kai.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba a lokacin. Gyaɗa ce arzikin ƙasa, amma buhunan algarara da ake zuba ta daga waje ake kawo su. Sai manya suka ce a gwada ramarmu ta gida. Kaba tana da ƙarfi, sai dai kaushi, tabarma da igiya ne aikinta. Auduga kuwa ta fi ƙarfin a yi buhun gyaɗa da ita. Ɓawon rama shi ne tsaka-tsaki: yana da tsawo, yana jure ja, buhunsa yana shan iska, gyaɗa ba ta yin fumfuna a ciki.

Ni malamin gona ne, ƙaramin muƙami, sama da lebura kaɗan. Daga Damagaram aka ɗauko ni aka kawo Yamai, na baro mai ɗakina Zuwaira da ciki. Mushe Amadu ya yi mini alkawari baki da baki: in zaren ya ci jarrabawar masaƙa, za a buɗe gona ta biyu a gabas, ni zan riƙe ta. Wato in koma gida. Ku da kuke shiga mota yau ku kwana a Damagaram ba za ku gane nisan ba.

Ɗaki guda na kama a unguwar Zongo. Ba na jin Zabarmanci sai “fofo”, gaisuwarsu. In na taso aiki, sai in zauna bakin ƙofa ina kallon masu wucewa, kowa da inda ake jiransa. Kewa ta dame ni, ban ɓoye muku ba.

Ramar zare ba kamar ta bayan gida ake shuka ta ba. Cunkushe ake yi, don kowace ta miƙe sama tana neman rana, ba reshe. In aka tsinke kanta, sai ta yi rassa, kuma duk inda reshe ya fito, nan zaren yake yankewa in an jiƙa an saɓule. Na bayyana wa leburori wannan. Ban yi tunanin akwai wasu da ya kamata su ji ba.

Akwai wata tsohuwa, Bibata, uwar Sale leburanmu. Ta ga ina cin busasshen burodi da rana a gindin bishiya, sai ta fara aiko mini da kwaɗon rama, da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji. Daga baya ita da kanta take kawowa, ta zauna nesa kaɗan har in cinye, tana ta zuba da Zabarmanci, ni ina amsawa da Hausa. Ba wanda yake jin wani, amma hirar tana tafiya. A duk Yamai, ita kaɗai ce take lura in ban zo aiki ba.

Mun yi ƙaura zuwa wata gonar gero na ɗan lokaci, da muka dawo Yantala tare da shef sai muka tarar rabin ramar ta buɗe rassa kamar lema. Matan unguwa ne. A wurinsu ganyen rama ba a roƙonsa, mai wucewa ya tsinka, mai gona ma godiya zai yi, don tsinkar ke sa ta ƙara ganye. Gyara suke mana. Nan take na gane daga inda kwaɗona yake fitowa.

Mushe Amadu mutum ne mai adalci, amma shi ma akwai na sama da shi. Ya ce in aka samu mai laifi aka kori wanda ya shigo da shi, za a ɗauka ɓarna ce aka yi, a sake ba ni dama a gabas ɗin. In babu, sakacin mai kula da gona ne, wato ni. Sale yana tsaye da fartanya, kansa a ƙasa.

“Malam, ka san ko su wa ne?” in ji shef.

Na ce, “Mushe, unguwar duka ce. Sai dai a kori Yantala.”

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, “To, kai ka zaɓa.”

Muka yanke abin da ya samu, muka jiƙa a kududdufin bakin kogi har ɓawon ya saki, muka wanke, muka shanya. Zaren ya fito gajere, guntu-guntu. Masaƙa ta ce sai dai igiyar ɗaure jaki. Maganar gabas ta mutu.

Da damina ta zagayo aka kewaye gonar da waya, aka sa gardi yana gadinta. Ramar ta tashi sambal, ta fi ni tsawo, zarenta kamar gashin wutsiyar doki. Matan suka daina bi ta wurin. Bibata ta ɗauka don ita aka yi wayar, kunya ta hana ta zuwa, ni kuma ba ni da bakin da zan ce mata ba komai. Wannan karon zaren ya ci jarrabawa, sai aka ce tunda na gane aikin, a bar ni a Yamai.

Abin da nake gaya wa duk wanda aka ba gonar gwaji ke nan: kafin ka zuba iri, ka tambaya mene ne wannan shukar a wurin mutanen da ke kewaye. Mu zare muke gani, su abinci. Layi biyu a bakin gona, a ce wannan naku ne, da ya ishe mu duka.

Sai da na samu hutu na farko na ga 'yar da aka haifa mini. Tana gudu da ƙafarta. Na durƙusa na miƙa mata hannu, ta ruga bayan Zuwaira ta riƙe zanenta, ta ce, “Inna, ga baƙo.”