Rokar da Ta Fitar da Ni Daga Darrasa

A shekarata ta biyu a Alƙahira ɗaki ɗaya muke zaune a unguwar Darrasa da wani ɗan garinmu da ya girme ni. Shi fiƙihu yake karanta, ni injiniyanci. Tun farko jininmu bai haɗu ba. Komai na taɓa sai ya ce shirme ne.

Wata rana bayan la'asar ina kallon yadda ake harba roka da 'yan sama jannati a wayata. Ya shigo da burodi a hannu, ya tsaya a kaina yana leƙe.

Rokar tana da wasu ƙananan rokoki manne a gindinta, masu tura ta sama. In mansu ya ƙare sai su saki jikinta su faɗo. Wannan rabuwar ita ce wurin haɗari. A ranar, ɗaya daga cikinsu ba ta saki daidai ba, ta bugi uwar rokar. Hoton ya girgiza, rokar ta karkace. Nan take wasu ƙananan injina suka fizge kumbon da mutanen ke ciki, suka yi gefe da shi. Can aka ce ya sauko da laima, suna raye.

Na yi hamdala a fili.

"Kai wa kake yi wa hamdala?" ya ce. "Mutanen da suka je leƙen abin da ba a aike su ba? Da sun ƙone ma izina ce."

"Malam, rayuka ne fa. Shi ya sa aka tanadi hanyar tsira tun kafin a tashi."

"Gudun ƙaddara ke nan. Irin abin da ake cusa muku."

Na ce in haka ne ya daina duba hagu da dama kafin ya tsallaka titin Azhar.

Ya fizge wayar ya jefa kan katifa. Na miƙe, muka ci kwalar juna har maƙwabcinmu Bamisire ya shigo ya raba mu, yana ta faɗin "ma'alish, khalas."

Ɗan garin namu bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Muka ƙarasa watan ba gaisuwa, kowa da tukunyarsa. Daga nan na kwashe kayana na koma unguwar Ard al-Liwa wurin wasu 'yan Nijar. Har yau in muka haɗu a taron ɗalibai, sallama kawai ke haɗa mu.