Dilan da Bai Mayar da Karsana Ba

Ina cikin adaidaita sahu a Kazaure na ji rasuwar Alhaji Buba. Direban ya ƙure rediyo, ana ta jero alheran mamacin: ya daɗe a majalisar jiha har yaran da aka haifa a zangonsa na farko sun girma sun kaɗa masa ƙuri'a, ga garken shanu da babu irinsa daga Gwiwa har bakin iyaka. Na ce Allah ya jiƙansa kamar yadda kowa ya ce. Amma abin da ya faɗo mini a rai shi ne muryar kakata Iya, da wata tatsuniyarta da ba ta taɓa ƙarasawa ba.

A ƙauyenmu na ƙasar Gwiwa, in aka idar da sallar isha lokacin sanyi, ƙofar ɗakin Iya muke taruwa. Takan hura wutar kara, ta tura gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafu. Ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Sai ta ce, "To, ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" mu kuma mu amsa, "Ta iso mu ji ta." Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, kuma kowacce takan kai ta ƙarshe, ta ce ƙurunƙus, ta kore mu mu kwanta.

Guda ɗaya ce ta fita daban. Ni tun ina yarinya mai sa ido ce, har Iya kan ce idona ya fi kunnena aiki. Na lura ba ta ɗauko wannan tatsuniya sai ranar da motar Alhaji Buba ke ƙofar gidanmu. In ya dawo daga zaman majalisa yakan zo hira wurin mahaifina, su shimfiɗa tabarma a waje, zana kawai ke tsakaninsu da wutarmu. Kowa Onarabul yake ce masa, Iya kuwa Buba take cewa gatsal. A irin ranakun nan muryarta, da kullum sai mun matsa muke ji, takan tashi har ta tsallake zanar.

Ga yadda take. Wai an yi wata annoba ta share shanun Dila, ya zauna gindin kuka yana hawaye. Wata tsohuwa ta gan shi. Ita karsana ɗaya gare ta, ja, mai tsaga a kunnen hagu, gadon uwarta. Ta ɗaura mata igiya, ta miƙa wa Dila a matsayin habbanaye. A nan Iya kan dakata ta yi mana bayani, ko da mun ji sau ba adadi.

"Habbanaye ba kyauta ba ce, ba bashi ba ce. Za ka riƙe saniya ta haifa maka maruƙa uku, maruƙan naka ne. Sannan ka jawo uwar da hannunka ka mayar wa mai ita. Da hannunka, kun ji?"

Karsana ta yi albarka, garken Dila ya cika daji, har dabbobi suka naɗa shi mai magana da yawunsu a fadar Zaki. Duk shekara yana aiko wa tsohuwa goro da turmin atamfa da tozon sa. Iya kan lissafa kayan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ya kawo komai, ban da igiyar nan." Daga nan sai ta hau tonon gyaɗa.

"Sai me, Iya?"

"Sai barci."

"Ai ba ki ce ƙurunƙus ba!"

"Mai cewa ƙurunƙus yana ji na."

Ni kuwa nakan kasa kunne wajen zana. Wallahi hirar maza takan ɗauke ɗif, sai can ka ji Alhaji ya yi gyaran murya ya tambayi mahaifina farashin dawa.

Wata rana na ce, "Iya, me ya hana tsohuwar ta je ta ce a ba ta abarta?" Ban taɓa ganin ta fusata haka ba. Ta ce, "Ke! Habbanaye ake tambaya? Ranar da ta buɗe baki ta mayar da alheri ciniki, ta kunyata uwarta a kabari. Gara ta mutu tana jira." Daga baya mahaifiyata ta tabbatar mini da abin da na riga na zarga. Shekarar da ciwo ya kashe shanun yankinmu, Buba saurayi ne da ya wayi gari ba ko ɗan maraƙi, Iya ta ba shi jar karsanarta. Kuma Iya ta sha faɗa cewa in karsanar ta dawo tawa ce, don ni ce takwararta.

Tun daga nan na zama mai leƙen kunnen shanu. In garken Alhaji ya biyo burtali, sai na tsaya ina duba kunnen hagu na duk wata ja. Maganganu kuwa iri-iri na ji. Wasu sun ce ya tsallaka da ita iyaka ya sayar. Wasu sun ce ita aka yanka ranar da ya fara cin zaɓe, kuma tozonta ne aka kawo wa Iya a kwano don girmamawa. Abin da na gani da idona shi ne, Iya ba ta taɓa sa naman gidansa a baki ba, maƙwabta take raba wa. Ta rasu tana jira, kamar yadda ta ce. Alhaji ne a sahun gaba wajen jana'izarta, ya yi kuka har da shessheka, ni kuma ina kallonsa ta kafar zana ina jin haushi.

Na je ta'aziyyarsa Gwiwa. Matarsa, Hajiya Mairo, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce, "'Yata, akwai maganar saniyar Iya. Karsanar nan ba ta kai kaka ba ta mutu, ciwon ne ya kama ta. Alhaji ya kasa faɗa wa Iya cewa gadon uwarta ya salwanta a hannunsa. In ya kawo mata wata kuma, kallo ɗaya za ta yi ta gane." Ta ce sun ware mini karsana ja, in zo ranar sadakar bakwai in karɓa, in ce a gaban mutane mun yafe.

Labarin ya yi kyau, kyan nasa ne ma ya sa na ƙi sakin jiki, don gidan da ya daɗe a siyasa ya san yadda ake gyara zance. In karsanar ta mutu tun ba ta haihu ba, daga ina garken ya taso? Na tambaya ko ya taɓa jin tatsuniyar Iya. Hajiya ta yi murmushi.

"Ji? Ai ya haddace ta. Har jikokinsa yake ba wa. Sai dai a tasa, Dila yakan jawo saniyar ya kai wa tsohuwa, ta sa masa albarka."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ina yarinya na ɗauka Iya tana koya mana mu yi hattara da masu baki biyu ne. Yanzu na ga mutum biyu ne suka zauna shekara da shekaru da zana a tsakaninsu, ita kunya ta hana ta tambaya, shi kuma ko kunya ko wayo ya hana shi amsawa. Har yau ban san ko nadama ce ta sa ya gyara ƙarshen tatsuniyar ba, ko kamfe yake yi a wurin jikokinsa.

Ban je sadakar bakwai ba. Na aika wa Hajiya cewa na gode, Allah ya gafarta masa, amma yafiyar ba a bakina take ba. Saniyar ba ta zama tawa ba tukuna, sai ta dawo hannun Iya, kuma mai jawo ta da mai karɓarta yanzu suna wuri ɗaya.