Akwatunan Malama Rukayya

Ina cikin adaidaita sahu a bakin kasuwar Gumel, da hantsi, mijin Malama Rukayya ya kira ni. Ya yi sallama, sannan ya ce, "Sadisu, Allah ya yi wa Malamarku rasuwa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauka ban kai inda za ni ba. Ina ganin masu dako suna kai da kawo da buhunan gero, amma hayaniyarsu kamar daga wani gari take zuwa.

Malama Rukayya ce ta koya mini rubuta manhajar kwamfuta, daga baya ta ɗauke ni muka yi aiki tare. A sana'armu akwai abin da muke kira aji, wato fasalin da ake tsara wa kowane irin abu kafin manhaja ta san shi. A zane, kowane aji akwati ne, kibiya kuma ke nuna abin da ke tsakaninsu: wannan ya gāji wancan, wannan yana ƙunshe da wancan, waɗannan kuwa sanayya ce kawai. Mu akwatunan muke kallo. Ita kibiyoyin take kallo. Takan ce, "Aji shi kaɗai ba ya ɓata aiki. Ku duba wa kuka haɗa shi da shi." Ko a mota ba ta bari. Nakan tuna hanyar Maigatari da damina, dawa ta yi kai, ita kuma tana zana akwatuna da yatsa a jikin gilashi, leɓɓanta na motsi, kamar mai lissafa dangin da suka yi nisa.

Babban aikinmu shi ne manhajar da ke aika saƙon murya zuwa wayoyin mutanen karkara. Manoma su ji labarin ruwa da ƙwari, makiyaya su ji na cutar dabbobi. Muka yi aji na Mutum, Manomi da Makiyayi suka gāje shi, kowa da layin saƙonsa. Zanen ya yi kyau, kowa ya yaba.

Wata shekara ciwon huhu ya shiga shanu ta wajen Sule Tankarkar. Saƙo ya fita, makiyaya suka kai shanunsu rigakafi. Bayan kwanaki wani dattijo daga Ɗanzomo, Malam Buba, ya zo ofishinmu. Shanunsa sun kamu, wasu sun mutu. Ya zauna, ya ajiye sandarsa, ya dubi Malama ya ce, "'Yata, kullum wayar nan tana gaya mini yaushe zan yi shuka. Me ya sa ba ta gaya mini na shanu ba?" A wurin manhajar, shi manomi ne, don haka ba makiyayi ba.

Malama ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabansa. Ta ce, "Baffa, ba ta san kana da shanu ba. Mu ne ba mu bar mata hanyar sani ba. Ka yafe mana." Da ya tafi, na ce a ƙara aji na uku, na manomi mai kiwo, a huta. Ta girgiza kai. "Gobe kuma ka sami mai kiwo da fatauci, jibi mai noma da ɗinki. Noma ba jininsa ba ne, Sadisu, abin hannunsa ne. Abin da mutum zai iya ɗauka ya ajiye, kada ka rubuta masa shi a matsayin gado."

Haka muka warware ginin manhajar. Mutum ya tsaya shi kaɗai, sana'o'i suka zama abin da yake riƙe da su, ɗaya ko da yawa. A lokacin ciwon da ya zama ajalinta ya riga ya fara cin ta, ba ta faɗa mana ba. Sai dai mu ga ta jingina da bango bayan la'asar, ido rufe, tana gyara mana kuskure ba tare da ta dubi allo ba. Ranar da aka gama, ta ce a kai ta Ɗanzomo. Ta tsaya a bakin garken Malam Buba har wayarsa ta yi ƙara a aljihu, muryar ta yi maganar gona, ta kuma yi ta shanu. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Matarsa ta kawo mata kindirmo, ta kurɓa kaɗan, ta zauna tana kallon maruƙa har rana ta yi sanyi. Ban taɓa ganin ta cikin natsuwa irin ta ranar ba.

A wurin jana'iza na ga Malam Buba a sahu. Ban san wa ya gaya masa ba.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Rukayya, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka karɓi abin da ta koyar a matsayin sadaka mai gudana. Ka ba mijinta da mahaifiyarta haƙurin wannan rashi, ka raya 'ya'yanta bisa alheri. Mu kuma, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.