Katunan da Asu Ya Ci

Shekarata ta ƙarshe a jami'a, lokacin da ake ta zancen kafa masana'antun ƙarfe, aikina narka dalma da kuza ne. In gauraya su, in narkar, in rubuta zafin da suka fara daskarewa, in sauya gauraye in sake. Na sha wuta har gashin hannuna ya ƙone. Daga nan sai kwamfuta ta ja layin da ya dace da awon nan duka. A zamanin ba a yi mata magana sai da katuna masu huji, kowane da gurbinsa. Ɗaya ya kauce, ta tofar da aikin gaba ɗaya. Ita kaɗai ce a makarantar, kuma Litinin ɗin bayan salla ce damata ta ƙarshe kafin a rufe karɓar aiki.

Tsoron ɓarayin ɗakin kwana ya sa na taho da kwalin katunan gida Kaikai hutun salla. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta ma cika kallona ba. Tuwo dai za a turo mini, da man shanu fiye da na kowa.

Ranar Asabar na je Kankia cin kasuwa da abokai. Ina dawowa na tarar da tsakar gidanmu fari fat. Katunana ne shanye a kan tabarmi, an danne su da duwatsu, kaji na ratsawa.

"Inna, mi ya faru?"

Ba ta ɗago daga tankaɗe ba. "Wani ya aje takardu asu na ci bai sani ba. Duk ya huda su. Na baza su rana ta kashe ƙwarin."

Na durƙusa ina tattarawa. Jerin zan iya maidawa, ko da zai ci ni kwana biyu. Amma kwalin ya ƙi cika. Katunan awon ne babu, masu lambobi cunkus, waɗanda suka fi yawan huji, ga shi tuni na yar da takardun da na fara rubuta awon.

"Sauran fa?"

"Waɗanda suka hi lalacewa? Murhu na sa su, kar su shafa wa 'yan'uwansu." Sai ta kalle ni, kallo sosai, irin wanda na daɗe ban samu ba. "An dai ceci masu yawa ko?"

Na buɗe baki. Wata shida na gaban wuta yana cikin tokar da aka dafa mini tuwo.

"An ceta, Inna."

Ban gama a shekarar ba, sai ta gaba. Na ce mata malamai ne suka ƙara mana karatu. Har ta rasu, in baƙi suka yaba hotona na rigar kammalawa, takan ce ba tare da ta dube ni ba, saura kaɗan asu ya cinye wa wani karatunsa.