Turken Iyaka a Gonar Baba

Ina zaune a rumfata ta cajin waya a Jibiya, dab da inda manyan motoci ke layin tsallakawa Maraɗi, wani direba ya miƙo mini wayarsa yana dariya. "Kai mai rubuce-rubuce a intanet, ka ga abin da 'yan'uwanka suka ce da ku?"

Shafin yankinmu ne a wiki, kundin nan na Hausa da kowa ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara. Ni ma na daɗe ina rubutu a cikinsa. Wani ya ƙara jimla ɗaya: "Mutanen ƙauyukan kan iyaka da fasa-ƙwauri suka dogara." Ya kuma liƙa mata madogara, wato labarin wata jarida.

Mutanen! Kowa da kowa ke nan. Har da Babana, wanda turken siminti na iyaka ke tsaye a tsakiyar gonarsa ta gado, rabin geronsa a Najeriya, rabi a Nijar. Abin da tsohon nan ya taɓa tsallakawa da shi bai wuce fartanya da gorar ruwa ba.

Direban kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Kafin la'asar zancen ya kai majalisar su Baba. Da na je gaishe shi bai amsa da barkwancin da ya saba ba. Ya ce, "Da gaske an rubuta mu?" Na ce da gaske. Ya ce, "Zagi na baki iska ka ɗauke shi. Na rubuce kau, jikokina za su iske shi." Daga ranar ya daina fita majalisa. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Na koma na goge jimlar, na zuba namu: mutane masu gumi, masu amana, na haɗa har da kirari. Ko shayina bai huce ba mai jimlar ya mayar da abarsa, ya bar mini saƙo: "Ba a yabo a nan, ba a kuma rubuta 'na gani da idona'. Kawo madogara."

Ka ji fa! Ɗan jaridar da ya yi yini guda a garinmu shi ne shaida, ni da aka binne cibiyata a nan ban isa ba. Yatsana ya yi ta ƙaiƙayin sake gogewa. Amma na san dokar wurin: ka yi ta goge-goge da mutum, a toshe ka, jimlarsa ta zauna daram. Ba zan miƙa masa wuƙar yanka ni ba.

Sai na bi ta ƙofa. Kowane shafi yana da zaurensa, inda masu rubutu ke tattaunawa. Na yi sallama, na tambayi aiki da iyali, don ba a shiga gidan mutum da faɗa ko da kai ke da gaskiya. Sannan na ce, "Malam, jaridarka labarin waɗanda aka kama ta bayar. Akwai su, ban musa ba, ina ganinsu da jarkokin mai a kan babur. Amma da wace hujja ka tara gari guda a buhu ɗaya?" Na sa hannu a ƙasa kamar yadda ake yi.

Mutumin ashe yana da kunya. Ya amsa sallamar, ya yarda ya gyara jimlar ta tsaya kan masu yi kaɗai. Sai dai maganar cewa mu manoma ne, in ji shi, ba za ta shiga ba sai da shaida. Wace jarida ce za ta turo mutum ya rubuta cewa wani tsoho ya yi huɗa? Har gobe ina cewa dokar nan ta fi son mai jarida a kan mai gona, kuma na faɗa masa haka a zauren, cikin ladabi.

Amma dokar ba ta hana hoton da ka ɗauka da hannunka ba, muddin mai shi ya yarda. Na je wa Baba da maganar, na ce ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Ya harare ni. "Da riga a ka noma?"

Da tsohuwar taguwarsa ya fita, fartanya a kafaɗa. Gero ya kai ƙirji. Ya je ya tsaya a kan turken, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can, ya ɗaure fuska kamar mai jiran hukunci. Na ɗauke shi, na ɗora a shafin. A ƙarƙashin hoton ban yi kirari ba, ko da yake bakina cike yake da shi. Na rubuta: "Manomi a gonarsa, wadda iyakar ƙasashen biyu ta ratsa." Mai jimlar bai taɓa hoton ba, har godiya ya yi.

Na kai wa Baba wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya laluba ya ɗauki hularsa, ya nufi majalisa da wayata a hannu. Daga bakin ƙofa ya juyo.

"Wanda ya ce babu shaida, ka ce mashi ga ni nan tsaye. In ya isa, ya zo ya goge ni."