Tudun da Babana Ya Sa Na Gina a Muzdalifa

Ina da shekara goma sha biyu lokacin da malamar kwamfutarmu, wadda muke kira Abla kamar sauran malamai mata, ta kawo mana aikin gini. A cikin wani wasa za a yi shi, irin wanda komai nasa da ƙananan bulo masu kusurwa huɗu ake haɗawa, daga ƙasa har bishiya da gajimare. Ta raba mu uku-uku, ta ce kowane rukuni zai gina wani wuri na Makka, ranar Alhamis ta ƙarshen wata kuma a haska a bango kowa ya gani. Wasu suka sami dutsen Arfa, wasu tantunan Mina. Mu muka sami Muzdalifa.

Shugabar rukuninmu, wata doguwar yarinya mai zama a layin gaba, ba ta ji daɗi ba. Ta ce an ba mu fili da banɗakuna da turakun fitila, me za mu nuna wa mutane. Ni ba mai magana ba ce a aji. Ko sunana aka kira, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi kafin in amsa. Amma ranar sai na tsinci bakina yana cewa babana yana tuƙa bas ɗin alhazai a can duk shekara. Ta juyo ta dube ni da kyau, karo na farko tun da muka shiga ajin.

Ban yi niyyar ƙarya ba. A gidanmu da ke lungun bayan titin Mansur, a nan Makka, da zarar watan aikin Hajji ya kama, Umma takan ce, babanku zai tafi tuƙi. Yakan yi kwanaki ba mu gan shi ba. Sauran watannin kuwa yana da dabbab, 'yar ƙaramar motar ɗaukar kaya, da yake kai wa masu kanti buhunan shinkafa da katan-katan na mai. Mutumin da ke tuƙi duk shekara, aka ce ya tafi tuƙi wajen alhazai, me kuma zan zata? Ni na ƙara masa bas ɗin a raina, da kujera mai tsawo da sanyin na'ura.

Kwana biyu shugabar ta yi tana gina bas ɗin, fari da kore. Ta sa wani ɗan mutum a gaba, ta ɗora masa hula da bulo ɗaya, ta ce ga babanki nan. Ni aka bar wa hanyar masu tafiya a ƙasa, wadda ta ratsa Muzdalifa ta nufi Mina. Na bi taswira da hotuna, na shimfiɗa ta sumul.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a tabarma da kwamfutar hannu, Baba na shan shayi kusa da ni, sai ya leƙo ya tambayi abin da nake yi. Na fara nuna masa titin motoci, don can na ɗauka zai fi sani. Ya ce to, madalla, ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Da na karkata zuwa hanyar ƙafa sai ya ajiye kofin ya matso.

Ya ce famfunan ruwan sha a hagu suke, na sa su a dama. Ya ce rumfar inuwa ba ta kai nan ba, tana yankewa kafin gada. Ya sa ɗan yatsa a wani wuri ya ce akwai murfin magudana mai tsaga-tsaga, taya na maƙalewa a ciki idan ba a karkace aka hau shi ba. Ina gyarawa ina jin wani abu na sukata a rai. Tsagar murfin magudana ba ta fi faɗin yatsa biyu ba, ta yaya za ta riƙe tayar bas? Kuma ko a hoto ban taɓa ganin bas a wannan hanyar ba.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "nan wurin ba a shimfiɗe yake ba. Akwai tudu."

"Baba, a taswira babu."

"Taswira ba ta taɓa tura mutum ba."

A kicin ƙarar ludayin Umma a jikin tukunya ta tsaya. Na dubi hannunsa da ke kan gilashin kwamfutar, na ga kantar da ke gindin yatsunsa, wadda na sani tun ina ƙarama.

Bai yi doguwar magana ba. Ya ce arabiyya yake turawa, keken nan na tsofaffi da marasa lafiya, tun kafin a haife ni. Yakan ɗauko tsoho ko tsohuwa ya bi da su cikin taro har Mina, wani lokaci ya dawo ya ɗauki wani. Masu wannan aikin su ne ke ce masa tuƙi, suna tsokanar juna da direba, har akwai wanda suke ce wa direban jirgi saboda saurinsa. A bakinsu Umma ta ɗauko kalmar, ta zauna a gidanmu. Ba wanda ya ɓoye mini, ba kuma wanda ya faɗa mini.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne na ga komai da idona. Ni ce mai lura a gidan, ni ake tambaya inda aka ajiye almakashi. Na san robar ruwan ɗumi da gishiri da Umma ke ajiye masa idan ya dawo, da yadda ƙafafunsa ke kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na san yakan yi kwana biyu bai iya dunƙule hannu ba, sai da cokali yake cin tuwo. Na san tsarabar da yake zuwa da ita, carbi mai igiya tsohuwa, alewa a nannaɗe cikin hankici, abubuwan da tsofaffi ke cusa wa mutum a hannu. Duk na gani, na ce taka birki ne da riƙon sitiyari.

Ya nuna bas ɗin ya tambayi wane ne wannan mai hular. Na ce wani direba ne kawai. Bai ƙara tambaya ba. Na ɗaga hanyar da bulo biyu a inda ya nuna, na bi da gangara a hankali.

Washegari shugabar ta gani. Ta ce Abla da taswira za ta gwada aikinmu, wannan ƙullutun zai jawo mana ragin maki, in rushe shi. Na ce babana ne ya ce akwai. Ta ce ai bas ba ya bin nan, ina ya san shi? Ta ba ni zuwa Alhamis, ko in kawo dalili ko ta baje shi da kanta. Rushewar ba ta fi taɓa gilashi sau shida ba. Sau da yawa na buɗe wasan don in yi, sai in tuna yadda ya ajiye kofin shayinsa ya matso, in rufe. Idan na bar tudun kuwa, dole in tashi gaban 'yan mata talatin in warware abin da na faɗa da bakina.

Ranar Alhamis ta zo shugabar ta manta, ko ta ɗauka na gyara. Aka rage fitilun aji, Muzdalifarmu ta fito a bango. Abla da kanta ta karɓi linzamin kwamfutar, tana tafiyar da ɗan mutumin cikin wasan a kan hanyata. Ta yaba famfunan, ta ce ba ta ga wannan a aikin kowa ba. Sai ɗan mutumin ya ci karo da bulo, ya tsaya, sai da ta sa shi ya yi tsalle.

"Wannan fa? Kuskure ne?"

Shugabar ta waiwayo ta zuba mini ido. Na miƙe tsaye.

"Tudu ne, Abla. Ba ya fitowa a taswira. Babana yana tura arabiyya a nan duk shekara, shi ya ce akwai."

Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so, har ni kaina na tsorata. Wata a baya ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Shugabar ta ce, da ƙarfin da kowa zai ji, ai kin ce direba ne. Na ce haka suke kiran kansu, ni ce ban gane ba.

Abla ta juya ga bangon. Ta mayar da ɗan mutumin baya, ta sake hawa tudun da shi. Daga nan ta ce a bar shi yadda yake, ta juya ga rukunin Mina ta tambaye su ko sun yi magana da wani da ya taɓa taka wurin da ƙafarsa. Ashe ba su yi ba. Shugabar ba ta sake yi mini magana ba har ƙarshen zango. Ta aiko mini ta bakin ta ukunmu cewa ba aikin babana ne ya dame ta ba, kwana biyun da ta ɓata a kan bas ne.

Da yamma na faɗa wa Baba, ina tsaye a bakin ƙofa don ban iya zama ba. Na ce na gaya wa ajinmu duka. Ya daina ɗaure igiyar takalminsa, ya tambaya ko har da Abla. Na ce har da ita. Ni kuma ban san ko na tona masa asiri ne ba. Sai ya tambaya ko ta yarda da tudun. Na ce ta yarda. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki mukullin dabbab, ya ce in gaya wa masu gina Mina akwai wani tudun a bakin shiga, ya fi wannan wuya, su daina shimfiɗa hanya kamar tabarma.